Yadda za ku zaɓi rauta don tashar ƙungiyar rediyon sha'awa a Jos

Rauta ita ce na'urar da ke raba intanet ga sauran na'urori. Wadda ake ajiyewa a falo idan ta sandare, yaro ne zai tashi ya zare fulogi ya mayar, shi ke nan. Ta tashar ƙungiya kuwa tana can inda aka kafa eriya, a kan wani tudu ta wajen Lamingo ko a gefen duwatsun Shere, mai riƙe da makulli kuma yana Bukuru ko ya yi tafiya Abuja. Garin Jos yana kan tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere sun haura mita 1,800, shi ya sa rifita, wato na'urar da ke karɓar maganar rediyo ta sake watsa ta, a nan take jin nesa. Amma wannan tsayin shi ne yake kawo iska da tsawa da wahalar zuwa. Don haka abin da za ku riƙa tambayar kanku a duk tsawon cinikin shi ne ko na'urar za ta iya kula da kanta a ranar da babu kowa a wurin. Saurin Wi-Fi da yawan ƙahonin eriya, waɗanda mai shago zai fara nuna muku, su ne na ƙarshe a lissafi.

Ku fara rubuta abin da zai hau intanet

Kafin kowa ya je kasuwa, a zauna a taron ƙungiya a rubuta kowace na'ura da za ta buƙaci intanet. A gaban kowacce a rubuta abu biyu: lambar ƙofar (port, wato mashigar da bayananta ke bi a intanet) da take amfani da ita, da kuma ko ita ce ke fita ta nemi wani ko wasu ne za su shigo su neme ta. Wannan na biyun shi ne zai yanke muku rabin hukuncin.

Masu fita kawai ba su da rigima. Tashar APRS (tsarin aika wurin da mutum yake da gajerun saƙonni ta rediyo) da ke sauraron 144.800 MHz tana tura abin da ta ji zuwa sabobin APRS-IS, wato kwamfutocin da ke tara bayanan a intanet, ta ƙofar TCP 14580. Rifitar DMR (muryar dijital) da aka haɗa da cibiyar haɗa rifitoci ta BrandMeister tana fita ta UDP 62031. Kwamfutar da ke yin FT8, tsarin musayar gajerun saƙonni ta rediyo, tana buƙatar saita agogo ta UDP 123, domin ana magana ne a zagaye na daƙiƙa 15, kuma idan agogo ya kauce da daƙiƙa biyu sai ka ga allo ya daina nuna komai. Duk waɗannan za su yi aiki a bayan kusan kowace rauta.

Masu jiran baƙi su ne masu wahala. EchoLink, manhajar da ke haɗa muryar rediyo da intanet, tana son a buɗe mata UDP 5198 da 5199 daga waje, sannan ta fita ta TCP 5200. AllStarLink, mai irin wannan aikin, tana amfani da UDP 4569. Idan ba a buɗe ƙofar ba, ku kuna iya kiran wasu, su kuma ba za su iya kiranku ba. Rediyon KiwiSDR da kuke so mutanen waje su saurara yana jira a ƙofa 8073. Sai kuma ku kanku, da za ku so ku shiga rautar daga gida ku gyara wani abu da dare.

Maganar data ba ta da tada hankali. Murya a AllStar, a tsarin da ya fi tsabta, tana cin kusan kilobit 80 a daƙiƙa, wato kimanin megabait 36 a awa ɗaya ta magana. Awa huɗu kullum a wata guda ya ɗan haura gigabait 4. EchoLink da DMR ba su kai haka ba. Abin da ke cinye data a tasha shi ne kyamarar tsaro, da wayoyin 'yan ƙungiya ranar taro. Murya ba ta neman layi mai faɗi, layi mai natsuwa take so, wanda bayanai ke isowa a kan kari ba tare da wasu sun ɓace a hanya ba.

Ta ina intanet zai shigo, kuma wane adireshi za a ba ku

A nan ya kamata ku fi daɗewa. Yawancin tashoshi a kan tudu da layin waya na 4G za su dogara, kuma kamfanonin waya ba sa ba kowane sim adireshin IP nasa na kansa. Suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da lamba ɗaya a ƙofar waje: kai kana iya aika saƙo ya fita, amsa ma ta dawo maka, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kawai bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, mai gidan kuma bai ba ka ikon rubuta sunanka a ƙofa ba. Ko da kun buɗe 5198 da 5199 a rautarku, kiran ba zai iso gare ta ba.

Ga yadda ake ganewa. Ku shiga shafin rautar ku duba adireshin da ta samu daga kamfani. Sannan ku buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet. Idan biyun sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kuna bayan adireshin tarayya. Starlink ma, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, haka take yi wa masu tsarin gida.

Mafita huɗu ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Idan wurin yana da faiba ko wani kamfani mai kawo intanet ta eriya, ku tambaya ko suna sayar da adireshi na kai, ku kuma sa a rubuta muku a takardar yarjejeniya. Idan EchoLink kaɗai ce damuwarku, tana da nata tsarin wakili, wanda ke bi ta ƙofa 8100 ya karɓi kira a madadinku. Idan shiga daga gida kawai kuke so, manhajojin haɗa na'urori daga nesa irin Tailscale ko ZeroTier sun isa. Amma wadda ta fi gamawa da matsalar gaba ɗaya ita ce ku yi hayar ƙaramar saba mai adireshin kanta, rautarku ta fita ta ƙulla bututun WireGuard, wato keɓaɓɓiyar hanya mai sirri a cikin intanet, da ita, duk kiran da ya zo wa sabar a turo shi ta cikin bututun zuwa tasha. Tunda rautar ce ta fara fita, CGNAT bai hana ba. Ku sa ta riƙa aika ɗan saƙon "ina nan" duk daƙiƙa 25 don kada kamfani ya rufe hanyar. Ku zaɓi sabar da ke kusa, ku auna jinkirinta da ping, wato gwajin aika saƙo a jira amsa, kafin ku biya kuɗin shekara, domin duk murya sai ta je can ta dawo.

Abin da wannan ke nufi a kasuwa shi ne rautar da ba ta iya WireGuard ba, ku bar ta a shago. Wannan sharaɗi kaɗai ya fitar da akasarin rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu. Idan dole ne ku yi amfani da irinsu a matsayin modem, ku nemi wadda ke iya miƙa adireshinta kai tsaye ga rautar da ke bayanta. Masu lasisi suna da wata dama kuma: tun 1981 aka ware adiresoshin da suka fara da 44 don masu rediyon sha'awa, gidauniyar ARDC ce ke kula da su, kuma mai lambar kira ta Najeriya, wadda ke farawa da 5N, yana iya nema. Su ma ta bututu ake kawo su tasha, don haka sharaɗin bai canja ba.

Game da sabis, kada ku yarda da labarin wani. Ku hau wurin da sima-siman kamfanoni daban-daban, ku gwada da rana, ku sake gwadawa bayan isha'i lokacin da gari ya cika layi. A kan tudu waya tana ganin turakun sabis da yawa a lokaci guda, sandunan sigina su cika amma layi yana ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Maganinsa eriya mai fuskantar gefe ɗaya, ko modem na waje irin SXT LTE ko LHG LTE na MikroTik da ake ɗaurawa a bango a ba shi wuta ta cikin kebul ɗin intanet. Ku duba zangunan da modem ɗin ke kamawa: 3, 7, 20 da 28 su ne aka fi amfani da su a ƙasar nan. Kayan gwanjo da aka yi don kasuwar Amurka sau da yawa zanguna 2, 4, 12 da 13 suke da su, za su kunna lafiya amma 4G ba zai zo ba.

Wuta

Kusan duk tashar rediyo tana da batir mai bolt 12 da sola. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wutar batir a kai ta inbata ta zama 230, sannan cajar rauta ta sake mayar da ita 12. An yi asara sau biyu, an kuma ƙara na'urori biyu masu ƙara kusa da rediyo, inbatar ma tana cin nata ko ba a jona mata komai ba. Rauta ta sha kai tsaye daga batir.

Sai dai batirin da ake ce wa 12 ba ya zama a 12. Yana kaiwa 14.4 idan sola na cajinsa, na lithiyam ya kai 14.6, da asuba kuma ya sauko ƙasa da 12. Lokacin da rifita ta fara watsawa tana jan wuta da yawa, ƙarfin ya ɗan faɗi, rauta mai tsautsayi ta mutu ta sake tashi a tsakiyar magana. Don haka ku juya na'urar ku karanta bayanta ko takardarta. Wadda aka rubuta mata 12V kawai ba ta yi muku alƙawarin komai ba. Ku nemi mai faɗin iyaka: MikroTik hEX samfurin RB750Gr3 tana karɓar 8 zuwa 30, ƙananan rautocin Teltonika irin RUT241 da RUT956 suna karɓar 9 zuwa 30. Ku ja mata wayarta daban tun daga kan batir, da fis nata, kada ku rataya ta a kan wayar rediyo.

Ku yi lissafin kwana. Rauta da modem masu cin wat 10 a haɗe suna shan wat-awa 240 a yini da dare, wato amfiya-awa 20. Batirin ruwa mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake so a sha idan ana son ya daɗe, saura wat-awa 600 ke nan, kuma rifita ma a nan take ci. Faifan Starlink na gida yana cin tsakanin wat 50 zuwa 100. Ko a 60 aka tsaya, 1,440 ke nan kullum, ninki shida na wancan. Wanda ya san Yuli da Agusta a Jos, yadda hadari ke rufe gari kwana da kwanaki, ya san sola ba za ta cika batir kowace rana ba. Ma'ajin ƙungiya ya ga wannan lissafin kafin a yi maganar Starlink.

Ƙaramar MiFi ta aljihu kuwa, duk arahar ta, ba ta dace da nan ba. Yawancinsu idan suka mutu sai an danna maɓalli suke tashi, batirin cikinsu kuma yana kumbura idan aka bar shi a caji dare da rana. A shago ku zare wa rautar wuta ku mayar a gaban mai kaya, ku ga ko ta tashi da kanta. Ku kuma guji mai fanka a ciki, ƙurar hunturu za ta toshe ta.

Ƙarar da rauta ke zubawa a rediyo

Wannan shi ne abin da mai shago bai taɓa tunaninsa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Za ka ce, "Oga, wannan tana damun rediyo?" ya ce, "Haba Alhaji, ai shiru take, ko motsi ba ka ji." Kunne ba ya jin ta, amma rediyo yana ji. Caja mai araha tana watsa ƙugi a duk zangunan gajeren zango, kebul ɗin intanet kuma yana zama eriya. Masu sauraro sun san 'yan fito-fiton da kebul ɗin intanet ke haifarwa kusa da 14.030 da 21.052 MHz. A rifita abin ya fi ɓoyuwa: ƙara kaɗan a mitar da take saurare ya isa ya sa mai oba-oba a Farin Gada, wanda da yake shiga sarai, ya koma ana jinsa da ƙyar, ku kuma ku yi ta zargin eriya.

Ku yi yarjejeniya da mai kaya cewa za ku gwada ku dawo da ita idan ba ta yi ba. A tasha, ku kashe komai, ku kunna rediyo a kan batir, ku rubuta abin da ma'aunin sigina ke nunawa a 7, 14, 21, 28 da 145 MHz. Ku kunna rautar ita kaɗai ba tare da kebul ba, ku sake rubutawa. Sannan ku riƙa jona kebul ɗaya bayan ɗaya. Inda allura ta tashi, nan mai laifin yake. Wani lokaci ma za ku tarar ba rautar ba ce, na'urar cajin sola ce.

Idan kebul ne, zoben ferayit, wanda ke toshe ƙarar da ke bin waya, yana magani. Nau'in 31 ya fi dacewa da gajeren zango. Ku sami babban zobe ku naɗa kebul ɗin a cikinsa zagaye da yawa, domin ƙarfin toshewar yana ƙaruwa sosai da kowane zagaye, kuma ku sa shi dab da jikin rautar. Na 43 yana taimakawa a mitoci na sama. Na'urorin nan da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida kada su shigo tashar ko kusa, domin a kan mitocin gajeren zango suke aikinsu.

Sai a juya gwajin. Wani ya bar ping yana gudana a kwamfuta, wani ya watsa da cikakken ƙarfi a kowane zango. Idan amsa ta yanke daidai lokacin da aka danna makirfo, rediyo ne ke shiga rautar. Ku matsar da kebul ɗin nesa da na eriya, ku sa mai sulke. Rauta mai gidan ƙarfe ta fi jure wannan.

Tsawa

Ba sai aradu ta faɗa kan hasumiyarku ba. Ko ta sauka a dutsen da ke kusa, doguwar wayar tagulla tana ɗauko abin da zai ƙona ƙofofin rauta. Duk kebul da ya fito daga waje ya bi ta na'urar kariya, ita kuma a ɗaure ta da turken ƙasa ɗaya da na wayoyin eriya. Turaku biyu da ba a haɗa su ba sun fi haɗari, domin wutar za ta bi ta cikin kayanku ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. Idan tsakanin gini biyu ne, ku ja faiba: gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta, ba ya watsa ƙara, kuma bai tsaya a iyakar mita 100 ta kebul ɗin tagulla ba. Don wannan ne ramin SFP, inda ake jona faiba, irin wanda ke jikin hEX S, ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Wacce za a saya

Ga ra'ayina. Idan modem zai zauna a waje, hEX ko hEX S a cikin ɗaki ta isa: babu fanka, cinta kaɗan ne, kuma manhajar RouterOS 7 tana da WireGuard. Ba ta da Wi-Fi, ni kuwa ban ɗauki wannan aibi ba. A sayi ƙaramar na'urar Wi-Fi daban a riƙa kunna ta ranar taro. Idan kuna son akwati ɗaya ya yi komai, RUT956 tana ɗaukar sim biyu ta koma na biyu idan na farko ya faɗi, kuma ana iya tura mata saƙon tes ta sake tashi, abin da ke ceton mutum ranar da data ta tsaya amma layin kira na nan. Rautocin da ke ɗaukar manhajar OpenWrt, har da na GL.iNet, su ma suna yi, sai dai da yawansu bolt 5 suke sha, ga ƙarin na'urar rage wuta da sai an gwada ƙararta.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne a sami aƙalla mutum biyu a ƙungiya da suka iya saita ta. MikroTik tana da zurfi, kuma matashin da ya ƙware a kanta yana iya samun aiki a Legas gobe. Ko a titin Ahmadu Bello za ku saya ko wani zai taho da ita daga Banex a Wuse, ku tabbata ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba, kuma samfurin yana cikin waɗanda hukumar NCC ta amince da su. Idan kuɗi sun kai, biyu masu matsakaicin farashi sun fi ɗaya mai tsada: a saita su iri ɗaya, ɗaya ta zauna a kwali.

Saiti a kan tebur, kafin a hau dutse

A gida za ku yi komai. Ku sabunta manhajar, ku canja kalmar sirri, ku rufe duk hanyar shiga shafin sarrafawa daga intanet, ya zama ta bututu kawai ake isa gare shi. A 2018 an kutsa cikin ɗimbin rautocin MikroTik a duniya ta ƙofar manhajar sarrafa su, Winbox, 8291, waɗanda aka bari a buɗe ba a sabunta su ba.

Ku raba gida biyu: rifita da kwamfutocin tasha a ɓangare ɗaya, Wi-Fi na baƙi a wani, da iyakar abin da zai iya ja. Ku kunna tsarin jera bayanai na CAKE ko fq_codel, ku sa masa gudu ƙasa kaɗan da abin da layin ke bayarwa a lokacin cunkoso, don kada wanda ke tura bidiyo ya sa murya ta riƙa yankewa. Kowace na'ura a ba ta adireshin cikin gida da ba ya canjawa. Rautar ta zama mai saita wa sauran agogo, tunda yawancin ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan wuta ta ɗauke.

Ku kunna Watchdog, wanda ke gwada wani adireshi a kai a kai ya sake tayar da rautar idan ya daina samun amsa. Ku ba shi tazara mai ɗan tsawo, in ba haka ba duk ranar da data ta ƙare rautar za ta wuni tana mutuwa tana tashi. Duk lokacin da za ku taɓa dokokin tsaro daga nesa, ku shiga Safe Mode na MikroTik tukuna. Idan gyaran ya yanke ku, na'urar za ta koma yadda take.

Abu ɗaya na doka: VPN, wato bututu irin na WireGuard, a kan layin kamfani ko faiba ba matsala. Amma idan kun haɗa tasha da gari ta mitocin masu sha'awa, ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta hana ɓoye ma'anar saƙo a kansu, don haka bututu mai sirri ba zai bi ta nan ba.

Ku fitar da kwafin saitin ku ba mutum biyu, ku manna takarda a cikin akwatin mai nuna wane kebul ke zuwa ina. A littafin ƙungiya a rubuta lambar kowane sim, da wanda aka yi masa rajista da NIN ɗinsa, da ranar da data ke ƙarewa. Layin ajiya ma a riƙa sa masa kati, domin wanda aka daɗe ba a taɓa ba ana rufe shi. Sannan ku bar kayan duka a kunne a kan batir na mako guda. A cikin makon ku cire wuta ku mayar, ku zare sim na farko ku ga ko ta koma na biyu, wani kuma daga wata unguwa ya kira ta EchoLink ya shiga shafin rautar da datar wayarsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya buƙaci a sa hannu, a gyara shi a sake gwadawa kafin a ɗauki kayan zuwa tasha.